Kafin a Taɓa Saitunan Kanel, a Fara Gano Inda Fakiti Yake Maƙalewa

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa a tsakanin matasan da suka shigo sana'ar kula da kwamfutoci da layukan sadarwa, sana'ar da na shafe shekaru ina yi. Da zarar an kawo ƙorafi cewa wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ba ta tura bayanai da saurin da ake tsammani, sai ka ga mai kula da ita ya ɗauko wani dogon jerin saituna da ya gada daga hannun wani, wanda shi ma gadonsa ya yi, ya juye su gaba ɗaya cikin kanel, ya kashe na'ura ya kunna, sannan ya zuba ido. Idan abin ya ɗan gyaru bai san wanne ne ya yi aiki ba, idan kuma bai gyaru ba sai ya tafi neman wani jerin da ya fi na farko tsawo. Ba wanke kaina nake yi ba, domin ni ma na yi haka, kuma zan ba da labarin yadda ta kaya mini.

Saboda mai karatun da ba fanninsa ba ne, kanel ita ce zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita ce ke tsaye tsakanin manhajojin da muke amfani da su da kuma ƙarafunan na'ura. Bayanan da ke yawo a intanet ana yanka su ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti, kuma a layin Ethernet na yau da kullum girmansa ba ya wuce bayit 1,500. Fakitin da ya iso kwamfuta ba ya faɗawa hannun manhaja kai tsaye. Katin netwok ne ke fara karɓarsa daga waya, ya ajiye shi a wani jerin gurabe da aka ware masa a ma'adanar na'ura, sannan ya ƙwanƙwasa wa firosesa, wadda ke aiwatar da dukkan lissafin kwamfuta, cewa baƙo ya iso. Daga nan kanel ta ɗauke shi, ta duba adireshinsa, ta bi da shi ta katangar tsaro idan akwai, ta miƙa shi ga sashen TCP mai tabbatar da cewa komai ya iso kuma a jere, daga ƙarshe ta ajiye shi a ma'ajiyar da manhaja za ta zo ta kwasa. A kowane ɗaya daga waɗannan zangon fakiti na iya tsayawa jira, ko a yar da shi, kuma a kusan kowane zango akwai ma'auni da ke ƙirga abin da ya faru. Zan yi misali da Linux ne domin ita na fi sani, amma tsarin tunanin ɗaya ne a FreeBSD da Windows. Abin da nake kira gare shi bai wuce a karanta waɗannan ma'aunai kafin a ɗora hannu a kan kowane saiti ba.

Aikin farko shi ne a tabbatar cewa layin ne ke da matsala. Mutumin da ya ce kwafin fayil yana tafiyar hawainiya bai faɗa maka ko faifan ajiya ne ya gaza ba, ko ɓoye bayanan da ake yi a hanya ne ya cinye ƙarfin firosesa. Saboda haka ake amfani da manhaja irin iperf3, wadda ke tura bayanai daga ma'adanar wannan na'ura zuwa ta waccan ba tare da taɓa faifai ba. Kuma wajibi ne mai gwaji ya san iyakar abin da zai iya samu. Layin gigabit ɗaya ba ya taɓa ba ka megabit 1,000 na tsantsar bayanai, domin kowane fakiti yana ɗauke da adireshi da sauran bayanan hanya. Abin da ake gani a lafiyayyen layi shi ne kimanin megabit 941 a sakan. Wanda ya ga 941 ya ce akwai matsala, ya nemi abin da babu. Wanda kuma ya ga 94 cif, to ya bar kanel ta huta, ya rubuta umarnin ethtool, mai nuna halin da katin netwok yake ciki, ya duba gudun da katin ya daidaita a kai. Gigabit yana buƙatar dukkan tagwayen wayoyi huɗu da ke cikin kebul, alhali megabit 100 biyu kawai yake buƙata, saboda haka idan sili ɗaya ya tsinke a bakin filogi, na'urorin biyu kan sauka zuwa 100 shiru ba tare da sun yi wa kowa ƙorafi ba. Na taɓa ganin an kwana ana gyaran saituna a kan abin da sauya kebul ya warware cikin minti ɗaya.

Gwaji na biyu shi ne wanda na fi ba wa muhimmanci, domin yana raba matsalar gida biyu tun da wuri. A gwada da haɗi guda ɗaya, sannan a sake gwadawa da haɗi takwas a lokaci guda. Idan jimillar takwas ɗin ba ta wuce abin da guda ɗaya ya samu ba, akwai wani ƙunci a hanya ko a cikin na'ura da kowa ke rabawa. Idan kuwa kowanne daga takwas ɗin ya samu daidai abin da guda ɗaya ya samu, har jimilla ta ninka sau takwas, to hanya a buɗe take, wani abu ne ke riƙe kowane haɗi shi kaɗai. A nan ne lissafin da kowane mai wannan sana'a ya kamata ya haddace yake shigowa.

TCP ba ya tura bayanai barkatai. Mai karɓa yana sanar da mai aikawa yawan bayit ɗin da yake da wurin ajiyewa, abin da ake kira taga, kuma mai aikawa ba ya da izinin wuce wannan adadi har sai amsa ta dawo cewa na farko sun isa. Ke nan a kowane zuwa da dawowa, abin da zai iya wucewa bai fi cikin taga ɗaya ba. A asalin tsarin, gurbin da ake rubuta girman taga bit 16 ne, wato iyakarsa bayit 65,535, sai daga baya aka fito da hanyar ninka shi. Idan zuwa da dawowa tsakanin na'urori biyu yana cin milisakan 100, za a yi zagaye goma a sakan, kuma taga mai bayit 65,535 sau goma, tunda bayit ɗaya bit takwas ne, ba ta wuce megabit 5.2 ba, ko da kuwa layin na gigabit goma ne. Domin a cika layin gigabit ɗaya mai wannan nisa, dole a samu megabayit 12.5 suna kan hanya a kowane lokaci. Nisa kuwa ba ya gyaruwa da saiti: haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a sakan, tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri guda kuma yana nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, shi ya sa zuwa da dawowa ta kansa yake kai wa rabin sakan ko fiye. Na'urori biyu da ke ɗaki ɗaya ba za su taɓa nuna wannan ciwo ba, shi ya sa ake yawan jin mai gyara yana rantsuwa cewa ya gwada a gabansa komai lafiya.

To ga labarin da na yi alkawari. An taɓa ba ni aikin gano dalilin da ya sa kwafin ajiya da ake turawa kowane dare daga wata saba zuwa wata mai nisa ba ya ƙarewa kafin gari ya waye. Layin na gigabit ne, zuwa da dawowa kusan milisakan 100, amma gudun ya kafe a wajen megabit 5. Da na ga haka sai na ce ai wannan sananniyar cuta ce, na buɗe saitunan tcp_rmem da tcp_wmem, waɗanda ke iyakance yadda kanel za ta faɗaɗa ma'ajiyar karɓa da ta aikawa, na ɗaga su sama sosai a na'urorin biyu. Na gwada da iperf3, gudu ya tashi har na yi murmushi. Washegari aka kira ni cewa kwafin bai ƙare ba. Na ƙara ɗaga lambobin, na sauya tsarin kula da cunkoso, na taɓa abubuwan da a yau ba zan iya kare dalilin taɓa su ba, har kwana biyu suka wuce ina dukan taiki na bar jaki. A dare na uku na zauna lokacin da kwafin yake tafiya, na rubuta umarnin ss -ti, mai nuna halin kowane haɗi, a kan na'urar da ke aikawa, na karanta layin haɗin a tsanake. Babu fakitin da aka sake turawa, lokacin zuwa da dawowa bai motsa ba, amma ga wata kalma, rwnd_limited, tana nuna cewa kusan dukkan lokacin mai aikawa zaman jiran tagar mai karɓa yake yi. Na koma na'urar da ke karɓa, na bi kiraye-kirayen manhajar da strace, sai ga shi tun a farkon haɗi tana umartar kanel da ta tsayar mata da ma'ajiyar karɓa a bayit 65,536.

Abin da ban riƙe a kaina ba a lokacin shi ne, Linux tana faɗaɗa ma'ajiyar kowane haɗi da kanta gwargwadon buƙata, amma da zarar manhaja ta zaɓi girman da bakinta ta hanyar SO_RCVBUF, kanel tana janye hannunta daga wannan haɗi ɗungurungum, kuma tcp_rmem ba ya ƙara shafarsa. Wanda ya rubuta saitin manhajar ya sa lambar ce da kyakkyawar niyya, a zamanin da bayit 65,536 abu ne mai yawa. Layi ɗaya na goge a fayil ɗin saitin manhajar, kwafin ya ƙare tun dare bai raba ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ɗaga tcp_rmem da na yi a ranar farko daidai ne, domin iyakar megabayit 6 da sigogin Linux da yawa ke zuwa da ita ba ta isa cika irin wannan layi ba, sai dai ba shi ne ƙullin farko ba, kuma da na karanta ma'auni tun a daren farko da na gani. Sauran abubuwan da na taɓa kuwa sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa, wasu ma da ƙyar na tuna yadda suke a da.

Idan ss ya nuna ana yawan sake tura fakitoci, to magana ta koma kan asara, kuma a nan ɗan tarihi yana da amfani. A watan Oktoba na 1986, gudun bayanai tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗi daga kilobit 32 a sakan zuwa bit 40, saboda kowace na'ura tana ta sake tura abin da ya ɓace cikin layin da ya riga ya cushe. Maganin da Van Jacobson ya bayyana a 1988 shi ne mai aikawa ya ɗauki ɓatan fakiti a matsayin alamar cunkoso, ya rage gudu sosai nan take, sannan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wannan dabara ce ta ceci intanet, amma tana da farashi, domin TCP ba ya bambance fakitin da cunkoso ya kashe da wanda lalatacciyar waya ta kashe. Matt Mathis da abokan aikinsa sun fitar da lissafin wannan a 1997, kuma sakamakonsa yana ba mutane mamaki har yau. A tsohon tsarin, idan fakiti ɗaya cikin 10,000 yana ɓacewa, haɗin da zuwa da dawowarsa milisakan 1 ne zai iya cika gigabit, amma mai milisakan 100 ba zai wuce kimanin megabit 14 ba. Asarar da ping, umarnin da ke aika ɗan saƙo ya auna lokacin dawowar amsa, ba zai ma gan ta ba, ita ce ke durƙusar da haɗin nesa ta bar na kusa yana gudu.

An samu ci gaba tun daga lokacin. CUBIC, wanda Linux ta mayar tsarinta na asali a 2006, yana rage gudu da kimanin kashi 30 cikin ɗari maimakon rabi, kuma yana saurin komawa inda yake. BBR, wanda injiniyoyin Google suka shigar cikin Linux 4.9 a 2016, yana auna faɗin hanya da jinkirinta ne maimakon dogaro da asara kaɗai, shi ya sa yake jure layi mai zubar da fakitoci. Ba na hana kowa amfani da shi, amma ina da ƙorafi kan yadda ake sa shi. Wanda ya sauya zuwa BBR ya ga gudu ya tashi, sau da yawa rufe ciwon ya yi da tsumma: fakitocin suna nan suna ɓacewa, filogin da ya yi datti ko tashar suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a layi ɗaya) da ke cika tana nan, kuma duk wata na'ura da ke bin wannan hanya tana ci gaba da shan wahala. Kamata ya yi a fara tambayar inda suke ɓacewa. Idan ethtool -S ya nuna kurakuran CRC, wato fakitocin da suka iso a gurɓace, suna hawa, matsalar ta waya ce ko ta filogi. Idan kuma ma'aunin fakitocin da katin ya rasa inda zai ajiye ne ke hawa, to a cikin gida ake asarar, kuma yanzu ne kanel ta shigo zance da gaske.

Dalilin da ya sa na'ura ke zubar da abin da ya riga ya iso ƙofarta lissafi ne kawai. Layin gigabit ɗaya cike da manyan fakitoci yana kawo kimanin 81,000 a sakan, wanda ba komai ba ne ga firosesar zamani. Amma layin gigabit goma cike da mafi ƙanƙantar fakitoci, masu bayit 64, yana kawo miliyan 14.88 a sakan, wato kowane fakiti yana da kimanin nanosakan 67 kafin na bayansa ya iso. Da katin zai ƙwanƙwasa wa firosesa a kan kowane ɗaya, da ba ta yi wani aiki ba sai amsa ƙofa. Saboda haka Linux take amfani da tsarin NAPI: ƙwanƙwasawa ɗaya, sai kanel ta rufe ƙararrawar ta riƙa kwasar fakitoci da yawa a zagaye guda, har zuwa 300 bisa saitin asali, kafin ta ba sauran ayyuka dama. Fayil ɗin /proc/net/softnet_stat yana ba da labarin yadda wannan ke tafiya, layi ɗaya ga kowace ƙwaƙwalwar firosesa, domin firosesa ɗaya takan ƙunshi ƙwaƙwalwa da yawa. Gurbi na biyu a kowane layi yana ƙirga fakitocin da aka yar saboda layin jira ya cika, na uku kuma yana ƙirga sau nawa kason ya ƙare alhali da sauran aiki. Lambobin a tsarin ƙirga na goma sha shida suke, abin da ke rikita masu fara karantawa, kuma tarin da aka yi tun kunna na'ura ne, saboda haka girman lamba ba ya nufin komai. Abin dubawa shi ne ko tana ƙaruwa a daidai lokacin da ake jin ciwon. Wanda ya ga gurbi na biyu sifili ne, ya kuma je ya ninka netdev_max_backlog, saitin tsawon wannan layin jira, sau ɗari, me ya gyara?

Akwai kuma tarkon matsakaicin lissafi. Katunan zamani suna da layukan karɓa da yawa, suna raba haɗe-haɗe a tsakaninsu bisa adireshi da lambar tasha, amma fakitocin haɗi guda kullum layi ɗaya suke bi domin kada jerinsu ya hargitse, kuma layi ɗaya ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke yi masa hidima. A na'ura mai ƙwaƙwalwa 16, idan guda ɗaya ta cika maƙil sauran suna barci, ma'aunin gaba ɗaya zai nuna aiki bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, mai dubawa ya ce firosesa ba ta da laifi. Sai an rubuta mpstat -P ALL an dubi kowace ƙwaƙwalwa ita kaɗai, an kuma leƙa /proc/interrupts an ga inda ƙwanƙwasar katin take sauka, sannan gaskiya take fitowa. A na'urorin da ke aikin katangar tsaro kuma, teburin da kanel ke riƙe sunayen haɗe-haɗe a ciki yana iya cika, kuma idan ya cika tana faɗa ƙarara a cikin dmesg, inda ake karanta saƙonnin kanel, cewa tebur ya cika tana zubar da fakiti. Abin takaici shi ne sau da yawa saƙon yana nan a rubuce tun makonni, ba wanda ya buɗe ya karanta.

Ina so in ja kunne kan wani kuskure da tcpdump, manhajar da ke nuna fakitocin da ke wucewa, ke jefa sababbin shiga. Domin rage wa firosesa nauyi, kanel tana miƙa wa katin babban dunƙule da ya kai kilobayit 64 ya yanka da kansa, tana haɗe fakitocin da suka iso su zama dunƙule kafin ta sarrafa su, tana kuma bar wa katin lissafin lambar tantancewa. Saboda tcpdump yana tsaye ne kafin katin, sai ya nuna fakitoci masu girman da ya ninka 1,500 sau da yawa, da lambobin tantancewa da ya ce ba daidai ba ne. Mai gani ya firgita, ya kashe waɗannan dabaru duka, gudu ya ƙara faɗuwa, garin neman gira ya rasa ido. Gaskiya ne akan samu direban kati, wato manhajar da ke sarrafa katin, mai kuskure a ɗaya daga waɗannan dabaru, kuma kashe ta kan zama magani, amma ɗaya ake kashewa a gwada, idan ba ita ba ce a mayar da ita.

Mafi yawan jerin saitunan da ake gado suna tafiya ne a kan zaton cewa kowace ma'ajiya in ta fi girma ta fi kyau. Cutar da wannan zato ke haifarwa ce Jim Gettys ya yi wa suna bufferbloat, wato kumburin ma'ajiya, a 2010 bayan ya bi diddigin jinkirin da ke damun layinsa, ya gano cewa ma'ajiyoyi masu kumburi ne sanadi. Lissafin ba shi da wuya. Layin jira mai ɗaukar fakiti 1,000 na bayit 1,500 yana riƙe megabit 12. Idan mafitarsa megabit 10 ce a sakan, fakitin da ya shiga a ƙarshe zai jira sakan 1.2. Wanda ya mayar da shi 10,000 domin ya hana asara, ya sayi jiran sakan 12, ya kuma hana TCP jin alamar da take gaya masa ya rage gudu. Gwajin wannan cuta shi ne a bar ping yana tafiya, sannan a fara tura babban fayil. Idan lokacin amsa ya tashi daga gomomin milisakan zuwa ɗaruruwa ko dubbai, to fakitoci suna tsaye a layi ne a wani wuri. Maganin da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka kawo a 2012, wato CoDel, yana duba tsawon lokacin da fakiti ya yi yana jira ne, ba yawan fakitocin ba, yana ƙoƙarin riƙe jiran a wajen milisakan 5, kuma ɗan'uwansa fq_codel shi ne rarrabe-rarraben Linux da yawa suke zuwa da shi a yau. Ma'ajiyar TCP a bakin haɗi tana buƙatar girma daidai da nisan hanya, layin jira a tsakiyar hanya kuma yana buƙatar gajarta. Wanda ya ɗauke su abu ɗaya zai gyara ɗaya ya ɓata ɗaya.

Akwai alamar da ba ta da alaƙa da duk wannan: haɗi ya ƙullu lafiya, ƙananan saƙonni suna wucewa, amma da an fara tura babban abu sai komai ya tsaya cak. Galibi wata hanya ce a tsakiya, kamar ramin VPN ko layin PPPoE mai iyakar bayit 1,492, ba ta ɗaukar cikakken fakiti, kuma wata katangar tsaro ta toshe saƙon ICMP da zai sanar da mai aikawa ya rage girma. Ping mai nauyin bayit 1,472 da aka hana yankawa yana tona wannan cikin sakan kaɗan.

Game da haɗarin gadon saituna kuwa, misali ɗaya ya isa. Shekaru da dama kusan kowane jeri yana ɗauke da umarnin kunna tcp_tw_recycle, wai domin saba ta ɗauki haɗi da yawa. Abin da yake haifarwa shi ne, idan mutane da yawa suna fitowa ta adireshi guda, kamar yadda ake yi a ofisoshi da layukan wayar salula, sabar takan yi watsi da buƙatun wasunsu shiru, saboda agogon na'urorinsu bai zo ɗaya ba. Ɓarnar ta kai har masu kula da Linux suka cire saitin gaba ɗaya a siga ta 4.12 a 2017, amma har yau ina cin karo da shi a fayilolin sababbin sabobi, an kwafo shi tare da 'yan'uwansa ba wanda ya tambayi aikinsa.

Ba ina cewa kanel ba ta yin laifi ba ne. Tana yi, musamman bayan sabuntawa, kuma alamarsa a fili take: na'ura ɗaya, kebul ɗaya, gwaji ɗaya, tsohuwar siga tana gudu sabuwa tana rarrafe. Wanda ya kai nan ya riƙe abu mai daraja, domin yana da gwajin da ake iya maimaitawa. Kowace sabuwar sigar Linux tana ɗauke da sauye-sauye sama da 10,000, amma da git bisect, wanda ke raba su biyu a kowane zagaye, gwaji 14 ko kusa da haka ya isa a nuna sauyi guda da ya jawo matsalar. Aiki ne mai cin lokaci, domin kowane zagaye sai an harhaɗa kanel an kunna na'ura da ita an auna, kuma idan gwajin ba ya ba da sakamako iri ɗaya kowane lokaci, amsa ɗaya ta kuskure za ta kai mutum ga sauyin da ba ruwansa. Saboda haka nake maimaita kowane awo sau uku aƙalla kafin in yanke cewa siga mai kyau ce ko marar kyau. Rahoton da za a aika wa masu kula da sashen sadarwa na kanel ya ƙunshi siga ta ƙarshe mai lafiya da ta farko marar lafiya, sunan katin da direbansa, ainihin umarnin da aka yi gwaji da shi, da abin da ss da ethtool da nstat suka nuna kafin gwaji da bayansa. Kuma a yi gwajin a kan saitunan asali, domin tambayar farko da za su yi ita ce me aka sauya a na'urar, kuma wanda ya juye layi arba'in na gado cikin sysctl.conf, fayil ɗin saitunan kanel, zai koma ya cire su duka kafin a saurare shi.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai kula da sabobi da layukan sadarwa